Siffa daga Blender zuwa Quest 2: FBX ko GLB?

Tambaya daga Mai_Zane

Assalamu alaikum jama'a. Akwai ɗakin karatu da aka zana a Blender, manhajar zana siffofin 3D, ana son a shige shi da Quest 2, gilashin VR da ke sa mutum ya ga kamar yana cikin zanen, ta hanyar Unity, manhajar haɗa wasanni. An fitar da shi a tsarin fayil na FBX, amma da ya shiga Unity sai kalar katako da ta bango suka ɓace, teburin ya zo a kwance, bango ɗaya kuma ba a ganinsa daga ciki. In an sa gilashin, hoton yana ƙyaftawa idan an juya kai. Laifin FBX ne? In koma wani tsarin fayil, GLB ko OBJ?

Amsa daga Injiniya_Uku

Wa alaikumus salam, Malam. OBJ dai ka ajiye shi gefe: ba ya ɗaukar motsi ko ƙasusuwan siffa, kuma fayil ɗin MTL da ke rakiyarsa ba a yi shi don kalolin zamani masu ƙyalli da kaushi ba.

Kwanciyar teburin ba lalacewa ba ce. A Blender layin Z ne ke kallon sama, a Unity kuwa Y ne, shi ya sa kake ganin juyi na kusan digiri 90 a X. Kafin fitarwa, zaɓi komai, danna Ctrl+A, ka tabbatar da juyi da girma, ma'aunin girma ya koma 1 a ko'ina. A akwatin FBX ka sa Apply Scalings a kan FBX All, don FBX da santimita yake lissafi, Unity kuma da mita, daga nan ake samun ninkin 100. A Unity ka kunna Bake Axis Conversion. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a VR: ƙofar da ta kamata ta zama mita 2 in ta kauce ko da kaɗan, jikin mai kallo zai gane nan take.

Bangon da ya ɓace kuwa fuskarsa ce ke kallon waje. Unity ba ta zana bayan fuska. Kunna Face Orientation a Blender, duk inda ka ga ja daga cikin ɗaki ka juya shi da Alt+N.

Amsa daga Hajiya_Lissafi

Batun kala shi ne babba, kuma canza tsarin fayil kaɗai ba zai gyara shi ba. Idan an haɗa jijiyar katakon da Noise Texture ko makamancinsa, lissafi ne Blender ke yi a cikin kanta, ba hoto ba ne, babu tsarin da zai ɗauke shi. Dole a buɗe UV, wato a shimfiɗa fatar siffar kamar taswira, a gasa lissafin da Bake a Cycles, injin fitar da hoto na Blender, ya zama hoto, sannan a jona hoton kai tsaye da Principled BSDF, akwatin da ke tsara kalar jikin siffa.

Bayan an yi haka, ni GLB nake ba da shawara. Shi ne glTF 2.0 na ƙungiyar Khronos, wanda ya fito a 2017, a dunƙule cikin fayil guda da hotunansa. Ma'auninsa mita ne, Y a sama, kuma ya fayyace inda kowane abu yake zama a cikin launukan hoto: kaushi a launin kore, ƙarfe a shuɗi, inuwar lungu a ja. FBX na Autodesk ne, kowace manhaja tana fassara kalolinsa yadda ta ga dama. Sai dai Unity ba ta buɗe GLB da kanta, sai an saka mata wani ƙari kamar glTFast. Kafin ka zargi Unity, jefa fayil ɗin a glTF Validator, zai nuna maka ko daga wajen fitarwa matsalar ta faro.

Abu ɗaya da ke cin mutane: hoton tudu da kwari na jikin siffa (normal map) ya zama Non-Color a Blender. Wajen karanta wannan hoton, Blender da Unity da glTF duk salon OpenGL suke bi, Unreal kuma, wata manhajar haɗa wasanni, na DirectX. In aka haɗa su a karkace, rami zai fito kamar tudu, sai an juya launin koren hoton.

Mai_Zane

Na gode, Hajiya. To ƙyaftawar fa? Fayil ɗin bai wuce MB 30 ba.

Amsa daga Injiniya_Uku

Girman fayil ba shi ne nauyinsa a gilashi ba. Hoton PNG ko JPEG mai 4096 a 4096, da zarar an warware shi ba tare da matsewa ba, MB 64 yake ci a ma'adanar na'ura, kusan 85 in an haɗa da ƙananan kwafinsa na nesa. Mai 2048 kuwa 16 ne. Rage su zuwa 2048, ƙananan kaya 1024, ka sa matsewar hoto ta ASTC a saitin Android, don Quest 2 da Android yake aiki. In ta burauza za a buɗe da WebXR, hanyar nuna VR a shafin intanet, tsarin hoto na KTX2 ne ke yin wannan aikin. Draco, mai matse jikin siffar, yana rage nauyin saukewa ne kawai, alwatikan da aka gina siffar da su suna nan yadda suke.

A gudun hoto 72 a daƙiƙa, kusan milisakan 14 kake da shi don zana ido biyu. Kowace kala daban a kan kowane yanki umarnin zane ne daban, don haka littattafai 200 masu kala 200 sun fi bango mai alwatika dubbai wahalar da na'ura. Haɗa su a hoto guda, ka kunna Multiview mai zana ido biyu a tafi ɗaya, ka gasa hasken ɗakin maimakon barin fitilu suna lissafin inuwa kowane lokaci.