Wace kujera zan ɗauka zuwa kwanan tsibiri a kogin Isa?

Ɗan Gudel: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni da abokina mun samu aron kayak, ƙaramin kwale-kwalen roban nan mai cin mutum 2. Muna so mu taso daga Bubon mu gangaro Yamai cikin Janairu, lokacin da ruwan Gine ya iso kogi ya cika, mu kwana a tsibiri. Matsalata ciwon baya. In na wuni ina tuƙi, ba na iya zaman ƙasa ba jingina. Ma'ajiyar kayan jirgin kuma ɗan rami ne mai murfi, abin da ya wuce kamu ɗaya ba ya shiga. An yi mini tayin kujerar alminiyon mai naɗewa, mai jingina, jika 25, da kuma ƴar mai ƙafa uku marar jingina, jika 4. Wanda ya taɓa gwadawa ya ba ni shawara don Allah.

Mai Shayin Yantala: Wa alaikumus salam. Tabarma, ƙanena. Ka yi salla a kai, ka ci abinci a kai, ka kwanta a kai.

Ɗan Gudel: Yaya, ai na ce bayana ne matsalar.

Abban Saga: Ka ɗauki kujerar fada, ta ƙarfe mai saƙar igiyar roba. Duk duniya babu mai daɗinta.

Ɗiyar Harobanda: A cikin kayak? Sai dai ya aza ta bisa, kuma duk kaya mai nauyi da aka aza bisa rinjayar jirgi yake. Nauyi ƙasa ake sa shi, kusa da tsakiya.

Tsohon Direba: Ɗana, ka saurare ni da kyau. Irin wannan ta alminiyon na saya bara wajen wani mai shago, jika 18, ya rantse mini ƴar Turai ce. Muka je wani tsibiri sama da gari. Bayan magariba an hura gawayi, an aza shayi, na zauna. Ƙafafunta sirara ne, sai na baya suka fara nutsewa cikin rairayi, gefe guda ya fi zurfi. Ina gyara zama na ji ƙas, robar da ke riƙe sandunan ta tsage. Na faɗi, ƙafata ta ture butar shayi, tafasasshen ruwa ya zube mini a ƙwauri. Cikin dare, tsakiyar kogi, ba magani. Wani basarke ne ya tausaya ya tsallakar da ni. Da na warke na mayar wa mai shagon, ko kallon tabon bai yi ba, wai ni na cika nauyi. Abin da ya fi ƙona mini rai, mun shekara muna salla sahu ɗaya da mutumin nan.

Ɗiyar Harobanda: Subhanallahi. Sannu Baba, Allah ya sa kaffara ne.

Mai Shayin Yantala: Sannu Alhaji. To shayin fa, an sake dafawa?

Tsohon Direba: Kai dai Bagobiri ba ka da aiki sai cikinka.

Injiniya: Baba, jabu aka ba ka. Ta ainihi irin ta kamfanin Helinox nauyinta bai kai kilo 1 cikakke ba, kuma tana ɗaukar kilo 145. Kuɗinta a waje ya haura jika 50, don haka duk wanda ya ce maka 18 ko 25 ka san kwaikwayo ce. Nutsewa a rairayi kuwa har ta ainihin tana yi. Maganinta a huda ƙwallon tanis a sa wa kowace ƙafa, ko a shimfiɗa buhu a ƙarƙashi.

Abban Saga: Wace jika 50? Na ga irinta a kasuwar Katako cikin kayan gwanjo jika 7.

Ɗiyar Harobanda: Ni 12 aka ce mini a Babbar Kasuwa. Mai ƙafa ukun kuma jika 2 da rabi, ba 4 ba.

Ɗan Sarkawa: Injiniya, ka taɓa kwana a kogi ko a intanet ka karanta? Mu da aka haifa cikin jirgi ba mu san kujera ba. A ja jirgi tudu, a jingina da shi, shi ke nan. Kuma duk kuna zancen kujera, ba wanda ya ce wa yaron nan ya kula da dorina. Tsakanin Bubon da Yamai akwai su, da dare suke fitowa kiwo. Kada ka sauka inda ka ga sawunta, kada ka shiga tsakaninta da ruwa. Ka tambayi masunta kafin ka zaɓi wurin kwana.

Injiniya: Gaskiyarka game da dorina. Amma haihuwa cikin jirgi ba ta sa ka san ciwon bayan wani.

Ɗan Sarkawa: Babana da shekara 70 yana tuƙi.

Tsohon Direba: Ni da na ƙone ai ni ya kamata a ji.

Ɗan Gudel: Na gode iyayena. To in na sa buhu a ƙasa, ta jika 25 ɗin za ta yi?

Abban Saga: Wurin shimfiɗa buhun ma sai ka share. Tsibiran da ke kusa da gari duk leda ce da robobin ruwa. Masu zuwa shan iska ranar Lahadi su ci su sha su watsar su tafi.

Ɗan Sarkawa: Leda kaɗan ce. Rairayi ne ke kashe kogin nan. Kowace damina koramu na kwaso shi suna zubawa, saboda an sare itacen tudu. Ku zo ƙarƙashin gadar Kennedy cikin watan Mayu ku ga yara na tafiya da ƙafa inda da sai da gora mai tsawo. Tsofaffinmu ba su manta 1985 ba, shekarar da ruwa ya tsaya cik a Yamai. Ga ciyawar nan mai shuɗin fure ta toshe mashigai, taru ba ya jawuwa.

Ɗiyar Harobanda: Mu kuma da damina kogin ke shigo mana ɗaki. Tun ambaliyar 2020 maƙwabtanmu da yawa ba su dawo unguwa ba.

Mai Shayin Yantala: Wa ke da lambar mai gawayi na kirki? Wanda nake saye wurinsa ya ƙara kuɗin buhu.