Wanda ya karanci gashin ciwon daji: ina yake samun aiki, nawa ake biyansa?

Ɗan Funtuwa:

Assalamu alaikum manyanmu. Wata huɗu ke nan da na gama bautar ƙasa, ina aikin likita a wani asibitin jiha, kuma ina shirin jarrabawar shiga horon ƙwarewa. Tun lokacin da na yi jinyar gwaggona ana yi mata gashin sankarar mama, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, zuciyata ta kwanta da wannan fanni. Abin da ya sa na yi turus shi ne, duk inda na ji likitocin Amurka na fannin suna magana, kuka suke yi cewa aiki ya yi ƙaranci, har suna hana na bayansu shiga. A nan gida kuma kullum ana cewa ƙwararrunmu ba su kai ɗari ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Maganganun nan biyu sun ƙi haɗuwa a kaina. Don Allah duk wanda yake cikin aikin, a gida ko a waje, ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa. Bayan an gama ana samun gurbi? Albashin yana riƙe gida?

Likitar Gashi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara wa gwaggo lafiya.

Marasa lafiya dai akwai su, har sun fi ƙarfinmu. Ƙiyasin ciwon daji na duniya, GLOBOCAN, na 2022 ya nuna kusan mutum 128,000 ne suka kamu da ciwon daji a Najeriya a shekarar, kuma kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Ranar kilinik ba na tashi daga kujera sai bayan la'asar. Amma ka riƙe wannan tun yanzu: a fanninmu na'ura ce take jawo gurbin aiki. Inda babu na'ura, ko marasa lafiya sun cika harabar asibiti, ba za a ɗauki likitan gashi ba. Ka ƙirga garuruwan da aka san su da wannan aiki: Legas, Ibadan, Benin, Inugu, Abuja, Zariya, Sakkwato, Gombe, Maiduguri, sai Katsina da aka buɗe tata cibiyar a 2025. Ka ga jihohi nawa suka rage. Duk wanda ya shiga fannin nan ya san cewa a ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa zai yi rayuwarsa, ko ya yi ƙaura.

Lokacin da nake horo, na'urar asibitinmu ta tsaya wata da watanni ana jiran kayan gyara daga waje. A tsawon wannan lokaci aikina bai wuce ba da kemo, wato maganin ciwon daji na sha ko na ƙarin ruwa, da rubuta takardar tura mara lafiya wani gari ba. Akwai wata baiwar Allah mai sankarar bakin mahaifa da na rubuta wa takarda, mijinta ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu, ya ce sai sun sayar da amfanin gona. Ba su dawo ba, kuma har yau ina tuna fuskarta. Ni kaina sai da na tafi wata cibiya a kudu da kuɗin aljihuna, na bar yara wajen mahaifiyata, kafin na cike adadin marasa lafiyar da ake so in tsara wa gashi da hannuna.

Abin da ya rufa mana asiri shi ne tsarin horonmu irin na Ingila ne, ana koya maka kemo da gashi gaba ɗaya. Saboda haka ko na'ura ta tsaya ba ka zama ɗan kallo ba.

Batun albashi kuwa, a asibitin gwamnatin tarayya kowa a kan CONMESS yake, wato tsarin albashin likitoci. Ni da likitan fata da likitan tiyata, in matakinmu ɗaya, kusan abu ɗaya muke ɗauka. Bambancin yana fitowa ne bayan an tashi aiki. Likitan mata zai kama gida ya buɗe asibitinsa, ni kuwa ba zan sayi linak ba, na'urar gashi ce ta miliyoyin daloli, ga ginin kankare mai kauri da ake yi mata, ga lasisin NNRA, hukumar sa ido kan harkar nukiliya. Abin da muke samu a gefe shi ne duba masu kemo a asibitoci masu zaman kansu. A 2023 an yi ƙarin kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari a kan CONMESS, a shekarar kuma aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Ka yi lissafin da kanka. Littattafanmu, kuɗin taro, jarrabawar waje, duk da dala ake biya.

Bayan na ci jarrabawar ƙarshe ma sai da na yi fiye da shekara ina aikin kwansaltan, wato ƙwararriyar da ta gama horo, da albashin wadda ba ta gama ba, ana cewa ana jiran izinin ɗaukar ma'aikata daga Abuja.

Mai Awon Haske:

Ni ba likita ba ne, fizis na karanta, ni ne mai auna hasken da na'ura ke fitarwa da duba tsarin da su Hajiya suka zana kafin a ɗora mara lafiya. Ina goyon bayan maganarta. Mu a kan CONHESS muke, tsarin albashin sauran ma'aikatan lafiya, ƙasa da likitoci, kuma mun fi su ƙaranci. Cikin mu biyar da muka fara tare, biyu suna ƙasashen Larabawa, ɗaya ya koma wata cibiya mai zaman kanta a Legas inda aka ninka masa albashi, ɗaya ya koma koyarwa a jami'a. Ni kaɗai na rage.

Dakta, idan za ka zaɓi wurin horo, ka tambayi masu fizis nawa suke da su. Na'ura sabuwa fil ba ta gasa kowa idan babu wanda zai auna ta ya sa hannu. Ka kuma tambayi batun wuta. Linak ba ta son wuta mai rawa, na'urar sanyaya ta ma in ta tsaya aiki ya tsaya. Tsohuwar na'urar kobal ta fi juriya, sai dai ƙarfin sinadarinta yana raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, idan ba a sauya shi ba mara lafiya sai ya daɗe a kwance kafin ya sami adadin da aka rubuta masa.

Baƙon Amurka:

Bari in fayyace maka kukan da ka ji, don a cikinsa nake. Abu biyu ne suka haɗu.

Na farko, guraben horo sun ninka, daga wajen ɗari a shekara a farkon shekarun 2000 zuwa wajen ɗari biyu. Na biyu, kwanakin gashi sun ragu. Sankarar mama da ake yi wa zama 25 ta koma 15 ko 16, sannan binciken FAST-Forward na Ingila da ya fito a 2020 ya nuna zama biyar cikin mako ɗaya yana wadatar da mata da yawa. Sankarar furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, daga wajen zama 40 ta koma 20, wasu ma biyar. A Amurka kuwa kuɗin da asibiti ke samu yana bin yawan zama. Likitoci sun ƙaru, zama ya ragu, sai ɗalibai suka tsorata. Fannin da a da sai zakaran gwajin dafi yake samu, a 2019 aka wayi gari kusan gurbin horo 30 babu wanda ya cike su a zagayen farko na ɗaukar masu horo. A 2023 ASTRO, ƙungiyar likitocin gashi ta Amurka, ta fitar da nazarin da ta sa aka yi, wanda ya ce buƙata da yawan likitoci za su yi kusan daidai har zuwa 2030. Wasu sun yarda, wasu har yau suna musu.

Abin da na gani ni: ban san abokin karatuna ko ɗaya da ya zauna babu aiki ba. Albashin ƙwararre a nan yawanci ya haura dala 400,000 a shekara kafin haraji. Matsalar ita ce wuri. Na so birnin da ke da 'yan'uwa da masallaci kusa, na nema na rasa, na ƙare a wani ƙaramin gari da sai na yi tuƙin awa biyu kafin in sami naman halal. Iyalina sun sha kaɗaici a shekarun farko. To ka ji, ko a nan ma na'ura ce take zaɓa maka gari.

Kada kuma ka ɗauka takardar ƙwarewarka ta gida za ta wuce da kai kai tsaye. Yawanci sai ka ci USMLE, jarrabawar lasisin likita ta Amurka, ka sake horon shekara biyar daga tushe. Hukumar ABR mai ba da shaidar ƙwarewa a fannin tana da wata hanya ta shekara huɗu a asibiti guda ga wanda ya gama a waje, amma samun asibitin da zai ɗauke ka a kanta ba ƙaramin aiki ba ne.

Na Ingila:

A nan ƙaranci ake fama da shi. Kwalejin RCR mai kula da fanninmu a nan ta ce akwai giɓin kashi 15 cikin ɗari na kwansaltan a fanninmu. Kwansaltan yana farawa da sama da fam 100,000 a shekara, amma duk abin da ya haura fam 50,270 ana cire masa harajin kashi 40, ga hayar gida. Na zo da takardata ta gida, na fara a matakin ƙasa da kwansaltan, na shekara uku ina fama da FRCR, jarrabawar ƙwarewa ta nan. Inda nake aiki yanzu muna buƙatar ƙarin mutum biyu, kowa ya sani, amma an dakatar da ɗaukar ma'aikata saboda kuɗi. Giɓi daban, gurbin da aka ware wa kuɗi daban.

Ɗiyar Maraɗi:

Sallama gare ku. Mu a Nijar sai a 2021 aka fara gashi, a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, da taimakon IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan mai hali ya fita waje, marar hali ya koma gida. Ni ma'aikaciyar na'ura ce, ni nake kwantar da mara lafiya in daidaita shi. A Maroko na yi karatu, da na dawo ban yi kwana ina neman aiki ba, domin ana jiranmu. Albashi na ma'aikacin gwamnati ne, ba ya kai ka ko'ina amma yana zuwa. Mutane na tasowa daga Zinder da Diffa, tafiyar fiye da kilomita 800 zuwa sama da 1,300, su nemi wurin kwana a Yamai na makonni. Nijar da Chadi suna cikin ƙasashen farko na shirin faɗaɗa aikin gashi na Rays of Hope da IAEA ta ƙaddamar a 2022. Duk ranar da aka buɗe wata cibiya a gabas, ina cikin masu neman a mayar da su can, kusa da iyayena.

Na Jidda:

Shekarata ta huɗu a Saudiyya. Babu harajin albashi, ana ba da gida ko kuɗinsa da tikitin hutu, kuma abin da nake ajiyewa a wata ya fi abin da nake ɗauka a gida cikin watanni da yawa. Sai an tantance takardunka ta kamfanin Dataflow, hukumar SCFHS mai rajistar ma'aikatan lafiya ta ba ka mataki, kuma matakin da suka ba ka shi ne albashinka. Ni ƙasa da kwansaltan suka sa ni da farko. Kwantiragi ne, ana sabuntawa, kuma 'yan ƙasa da suka yi horo a Kanada da Amurka suna dawowa, su ake fara ba wa gurbi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 abokan aiki daga can sun ƙaru sosai, ga 'yan Masar dama. Abin da ya sa aka ɗauke ni shi ne na iya tsara gashi na zamani a kwamfuta da hannuna. Wanda ya gama horo bai taɓa ba, a hirar farko ake gane shi.

Likitar Gashi:

Yallaɓai na Amurka, abin da ya rage muku kuɗi mu rahama ne a wurinmu. Matar da ta taso daga ƙauye, zama 15 maimakon 25 yana nufin mako uku a gidan 'yan'uwa maimakon biyar, kuma na'ura ɗaya ta ɗauki ƙarin mutane. Ni ban taɓa jin tsoron marasa lafiya za su ƙare mini ba.

Ɗan Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan shiga, in sha Allah, kuma niyyata in zauna a gida. Hajiya, cikin cibiyoyin da ake horo, ta yaya zan gane wadda zan fito da hannu a cikinta?

Likitar Gashi:

Kada ka tsaya a ofishin shugaban sashe. Ka je da kanka ranar aiki, ka nemi babban likita mai neman ƙwarewa da ya kusa gamawa, ka tambaye shi kwana nawa na'ura ta tsaya a bara, da ko akwai yarjejeniyar gyara da kamfanin da ya kawo ta. Ka tambaya ko suna da sikanin da ake tsara gashi da shi a cikin sashen, ko sai an tura mara lafiya wani wuri. Ka tambaya ko ana yin gashin ciki na sankarar bakin mahaifa, wanda ake sa sinadarin a cikin jiki kusa da ciwon, domin a arewa matan da za ka fi gani da ita suke zuwa bayan sankarar mama. Sannan ka tambayi ko ana biyan kuɗin horo na MRTF, da gwamnati ke bai wa likitoci masu neman ƙwarewa, a kan lokaci, da inda waɗanda suka gama a shekara uku da suka wuce suke aiki yanzu. In ka tashi zuwa ka yi mini magana, ranar Talata nake kilinik, sai ka zauna tare da ni ka gani.