Zafin fitsari ga mai ciki: wane magani ne ba zai taɓa jariri ba?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum. Mai cikin wata bakwai ce take jin zafi in tana fitsari, a kemis aka haɗa mata Septrin da kafso ja da yalo. Ta sha? Sannan mai shayarwa za ta iya shan Flagyl?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam, Maman Hanan. Kada ta sha ko ɗaya. Kafson nan yawanci tetracycline ne, yana ratsa mabiyiya ya lafe a ƙashi da haƙoran ɗan da ke ciki tun daga wata na huɗu, haƙoran su fito da tabo wanda ba ya goguwa. Septrin kuwa a watanni uku na farko yana hana folic acid (sinadarin da jikin ɗan tayi ke buƙata don ya ginu) aiki, dab da haihuwa kuma yana iya tsananta wa jariri shawara. In ana ba ta Fansidar a wurin awo, abin ya ƙara muni, don duka biyun dangin sulfa ne, ba a haɗa su. Ta kai fitsari asibiti a cikin kwalbarsu, na tsakiya ba na farkon zuba ba. Cikin kwana biyu zuwa uku gwaji zai nuna ƙwayar da maganin da ke kashe ta.

Malam Mai Harhaɗa Magani:
Likita kan rubuta cefalexin 500mg sau biyu ko uku a rana, kwana 7. Amoxicillin ba shi da illa ga ciki, sai dai E. coli (ƙwayar cutar da ta fi kawo wannan ciwon) da yawa sun daina jin sa, shi ya sa ake jiran gwaji kafin a ba da shi. Nitrofurantoin yana aiki, amma ana barin sa daga mako na 36, haka ga mai ƙarancin G6PD (sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini), matsalar da ta yawaita a yankinmu, saboda yana fasa jajayen ƙwayoyin jini. Ciprofloxacin ma a guje shi. Maganin da likita ya rubuta mata, ta shanye shi duka ko zafin ya lafa. Rashin magani shi ne babban haɗari: ciwon kan hau ƙoda ya tayar da naƙuda, a haifi bakwaini. Zazzaɓi, amai ko ciwon kwiɓi, sai asibiti a ranar.

Hajiya Ungozoma:
Batun Flagyl, 'yar'uwa, 400mg sau uku a rana ba ya hana shayarwa, sai dai nono kan ɗan yi ɗaci. In 2g aka ba ta ta sha a lokaci guda, wasu likitoci kan ce ta tatse ta zubar na awa 12 zuwa 24. A lura da zawo ko fari-fari a harshen jariri.