Wai John Dwyer ya ci amanar masoyan Thee Oh Sees?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau sai na amayar da abin da ya daɗe yana cin raina, mai jin haushi ya ji. John Dwyer, mawaƙin rok ɗan Amurka kuma jagoran ƙungiyar Thee Oh Sees, ya ci amanar mutanen da suka ɗaga shi. Duk wanda ya san Thee Oh Sees a zamanin faya-fayansu Help na 2009, da Carrion Crawler/The Dream na 2011, da Floating Coffin na 2013, ya san abin da nake faɗi. Kiɗan garej ne, wato rok mai hayaniya da ba a goge shi ba, ɗanye shataf: jita tana kuka, ganga tana gudu, muryar Brigid Dawson tana bin tasa daga sama, ga ihun nan nasa mai amsa kuwwa. Na sake kunna faifansu Sorcs 80 na 2024 don kada a ce ban yi masa adalci ba. Jitarsa babu ita a ciki! Mutumin da duniya ta sani da jita a ƙirji ya ajiye ta ya koma danna na'ura, ya gayyato masu busa saksofon. Sunan ma ya ƙi zama wuri ɗaya, a 2017 Oh Sees, a 2020 Osees. A wurina ƙungiyar ta mutu tun ƙarshen 2013 da ya tattara nasa ya nasa ya bar San Faransisko ya koma Los Anjalis. Na san dai za a yi shiru, yadda aka saba yi in ni na kawo magana.

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Amana? Wace amana? Sai an ba mutum ajiya ya karɓa sannan ake maganar amana. Yaushe ka ba Dwyer ajiya, ɗan'uwa? Ka ce kiɗan bai yi maka ba, ba mai hana ka. Amma cin amana tuhuma ce.

'Yar Damagaram: Haba Injiniya, ba sai an damƙa maka kuɗi a hannu ba. Mai shayin da ka saba zama a bencinsa kullum da safe, in ka je ka tarar ya koma sayar da kunun aya bai gaya wa kowa ba, ai ranka zai sosu ko da ba ku rubuta takarda ba. Akwai alkawari tsakanin makaɗi da masu saurarensa ko ba a furta ba.

Injiniya: Yanzu kuma kin koma alkawari. Alkawari daban, amana daban, Hajiya.

Malam Na Gefe: Don Allah ku bar wasa da wannan kalma. Amana abu ne da za a tambayi mutum a kansa ranar gobe. Ba a ɗaukar ta a liƙa wa mai kaɗa jita a Amurka don ya sauya salo.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, Bahaushe yana cewa abokinsa ya ci amanarsa ko a kan ƙwallo ne. Ba fatawa na kawo ba.

Malam Na Gefe: Yawan faɗar ta ba ya rage mata nauyi.

Sarkin Samari: To Malam, tun da abin ya kai ga haka, me ya kawo ka zauren masu jin rok tun farko?

Malam Na Gefe: Abin da ya kawo ka. Kuma ka iya bakinka, na girme ka.

Kawu Mai Faifai: Ku tsaya, yara. Ɗan Fagge, ƙanina, ina jin zafin da kake ji, amma tarihin ba ya bayanka. Wannan abu da kake kira asali ba shi ne asali ba. Dwyer mutumin birnin Providence ne a Amurka, ya zo San Faransisko, kuma a 1997 ya fara abin da ya kira OCS. Hayaniyarsa a wancan lokaci a wasu ƙungiyoyi yake yin ta, Pink and Brown da Coachwhips. OCS kuwa wurin hutawarsa ne, kiɗa mai sanyi, jita marar lantarki, murya ƙasa-ƙasa. Patrick Mullins da ke tare da shi har zarto yake gogawa ya fitar da wani amo siriri mai rawa. Je ka saurari The Cool Death of Island Raiders na 2006 ka gaya mini ko ka ji garej. Sai a 2008, da The Master's Bedroom Is Worth Spending a Night In, bayan Mike Shoun ya hau ganga, abin ya ɗau wuta. Ka ga kenan garej ɗin da kake kuka a kansa shi ma sauyi ne. Waɗanda suka so OCS mai sanyi su ma da sun ga dama sai su ce dominka aka ci amanarsu.

'Yar Damagaram: Kawu, da girmanka, wannan ba hujja ba ce. Mutum nawa suka san OCS a lokacin? Sunan da ya yi, da mutum huɗun nan ya yi shi: shi, Brigid, Petey Dammit, Shoun. Da ya samu shiga sai ya watsar da su.

Kawu Mai Faifai: 'Yata, wa ya ce miki watsar da su ya yi? Hutu aka sanar a ƙarshen 2013, shi ya yi ƙaura. Kuma a 2017 shi da Brigid suka dawo da sunan OCS suka fitar da Memory of a Cut Off Head, mai sanyi, har da goge irin na Turawa. Wanda aka watsar ba ya dawowa a zauna a yi faifai guda da shi.

Sarkin Samari: Ni na ji an ce harkar kuɗi ce ta kai shi Los Anjalis.

Injiniya: Wa ya ce?

Sarkin Samari: Ana dai faɗa.

Injiniya: Mai neman kuɗi ne zai saka waƙar minti 21 a faifai? Henchlock kenan, a Face Stabber na 2019, faifan da ya kusa minti 80. Wane gidan rediyo ne zai saka ta? Kuma yawancin faya-fayan nan a Castle Face suka fito, kamfanin da shi da abokansa suka kafa a 2006. Ba wani mai kwat da ya tsaya masa a ka.

Ɗan Fagge: Ni ban ce kuɗi ba. Kada a saka mini magana a baki. Amana na ce.

Ɗalibi a Ingila: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk wanda ya ce ƙungiyar nan ta mutu bai tsaya gabansu ba. Na gan su a Landan. Makaɗan ganga biyu, Dan Rincon da Paul Quattrone, a tsakiyar dandamali aka jera su, a gaba, ba a ɓoye a baya ba. Hannuwansu tare suke tashi tare suke sauka, sai can ɗaya ya zame ya yi nasa ya dawo. Dwyer yana gefe da gajeren wando, jitarsa mai garai-garai da ake hango jikinsa ta cikinta, a ɗaure can sama kusa da haɓa, yana cusa makirufo a baki. Tim Hellman yana ɗaya gefen da bes, jitar nan mai kaurin amo, ko gezau. Tsofaffin waƙoƙin da kuke kewa ma suna kaɗa su, kuma wallahi da ganga biyu sun fi nauyi a ƙirji.

Ɗan Fagge: To, an fara. Gorin Ingila za a yi mana. Mu da muke saye da datarmu muna saurare a waya ba mu da bakin magana kenan?

Ɗalibi a Ingila: Yaya, ba gori ba ne, abin da idona ya gani na faɗa.

Ɗan Fagge: Ganga biyun ma ai burga ce. Shoun shi kaɗai yana yin aikin da su biyun suke yi.

Kawu Mai Faifai: Ƙanina, Carrion Crawler/The Dream da ka yaba da bakinka a sama, makaɗan ganga biyu ne a ciki. Lars Finberg ne na biyun.

Ɗan Fagge: Wannan daban.

Injiniya: Ta ina ya zama daban?

Sarkin Samari: Ku bar shi. Yawancin masu kiran kansu 'yan asali a shirin talabijin na Breaking Bad suka fara jin waƙarsu Tidal Wave a 2011, sannan suka je suka nemo sauran.

'Yar Damagaram: Ko da a nan mutum ya fara ji, laifi ne? Kai a cikin garejin aka haife ka?

Ɗan Agadas: Ina karanta ku tun ɗazu abin yana ba ni takaici. Kuna ta cacar baki a kan wani Ba'amurke da ya ajiye jita, ga Mdou Moctar ɗan ƙasarmu yana riƙe da tasa da hannun hagu yana girgiza Turai da Amurka. Faifansa Afrique Victime na 2021, a kamfanin Matador na Amurka ya fito. Masu son kiɗan saikedelik na can, wato rok mai amo mai juya kai, sun san darajarsa, mu ne dai ba ma ganin na gida.

Sarkin Samari: Ɗan ƙasarku dai. In tarihi ake so, ƙungiyoyin Ofege da BLO sun yi wannan kiɗa a Legas tun shekarun 1970.

Ɗan Agadas: Legas ce garinku yanzu? In an tashi zagi ku ce ba ku da haɗi da su, in an tashi alfahari ku ce naku ne.

'Yar Damagaram: A nan kam ina bayan ɗan'uwana. Amma shi ma Mdou ba da jitar lantarki mai ƙara haka aka fara saninsa ba, a katin waya waƙoƙinsa suka fara yawo.

Ɗan Agadas: Wannan ci gaba ne, ba cin amana ba.

Injiniya: Madalla! In naku ya sauya, ci gaba. In na wasu ya sauya, cin amana. Hajiya, kin ji da kunnenki.

'Yar Damagaram: Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa. Ni har yanzu ina kan bakana. Mdou ya ƙara wa abinsa ƙarfi ne, Dwyer kuwa yau yana nan gobe yana can. Smote Reverser na 2018 ya leƙa metal da jaz. A Foul Form na 2022 pank ne zalla, wato rok mai sauri da gajerun waƙoƙi, duka faifan bai wuce minti 22 ba, kusan tsawon Henchlock ita kaɗai. Shekara ta zagayo ya fito da Intercepted Message cike da sintisaiza. Mutum ya kama wanne?

Ɗalibi a Ingila: Ya kama duka, Anti. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Malam Na Gefe: Ni dai a janye kalmar, shi ke nan abin da na roƙa.

Kawu Mai Faifai: To, dare ya yi, bari in tattara a matsayina na mai kula da zaure. Abin da na fahimta shi ne jama'a sun yarda ba a ci amanar kowa ba, domin ba a ba da ita ba tun farko. An kuma tabbatar cewa sauyi shi ne halin Dwyer tun 1997, don haka mai neman ya tsaya wuri ɗaya bai san shi ba. Shaidar wanda ya gani da ido ta nuna ƙungiyar ta fi ƙarfi yanzu. Kuma kowa ya ga cewa ƙololuwar aikinsu tana tsakanin A Weird Exits na 2016 da Face Stabber, lokacin da suka saki jiki da dogayen waƙoƙi irin na ƙungiyar Can ta Jamus. Ƙorafin ƙanina kewa ce kawai, kuma muna tausaya masa. Maganar Nijar da Najeriya a kai ta wani zauren.

'Yar Damagaram: Kawu, wane ne “kowa”? Ba wanda ya ambaci A Weird Exits a nan sai kai yanzu. Ƙungiyar Can ɗin ma yanzu ka shigo da ita.

Ɗan Fagge: Kuma ba wanda ya amsa mini maganar jitar Sorcs 80. Ko mutum ɗaya.

Injiniya: Ka janye amana tukuna, sai mu zo kan jita.

Ɗan Fagge: Ba zan janye ba.