Allon kemis mai ratayawa: alukobon ko fleks, kuma nawa zan ce?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum manya. Shekarata biyu da barin wajen maigidana, kuma duk allunan da na yi na kafawa a jikin bango ne. Jiya wani mai kemis ya kira ni, yana son allo mai ratayawa a hannun ƙarfe, fuska biyu, don na dama da na hagu su gani. Ƙafa 3 a ƙafa 2. Ba ya son fitila a ciki, akwai ƙwan sola a ƙofarsa. Bangon na bulo ne, shagon yana bakin titi inda iska ke kaɗawa. Ya ce kada ya wuce dubu 60. Fleks, wato ledar nan mai kauri da ake buga rubutu a kai, zan ja a kan firam, ko alukobon, fallen alminiyon mai roba a tsakiya, da sitika? Kuma da ƙafa ake lissafi ko yaya? Jibi zan ba shi amsa.

Abba Grafiks: Wa alaikumus salam. Yi masa akwatin akrilik, robar nan mai kama da gilas, da fitilun LED a ciki, da daddare tun daga nesa za a hango. Ka fara da dubu 150, ku tsaya a 130.

Ɗan Fagge: Yaya Abba, ai na ce ba ya son fitila.

Mai Walda Ƙofar Ruwa: Ƙanena, bar zancen fuska tukuna, hannun shi ne aikin. Bulo mai rami ba ya riƙe ƙusa, komai tsadarta. Ka huda bangon ya ɓulla ciki, ka zura rodi mai zare, ka sa faranti ta baya ka ɗaure da noti. Firam na bututu mai kusurwa inci ɗaya, a shafa jan fentin hana tsatsa kafin kala. Kada ka huda alukobon ka rataya shi kai tsaye. Fatar alminiyon ce siririya guda biyu da roba a tsakiya, ramin zai yi ta faɗi har ya yage. Ribiti za ka buga shi a jikin firam.

Na Gwammaja: Ku saurari maganar mai walda. Ni har yau in na ji iskar hadari gabana faɗuwa yake. Wani mai shagon ɗinki ya matsa mini a kan kuɗi, na ce to bari in sauƙaƙa, na yanko filawud na manna sitika gaba da baya, na rataya da sarƙa da ƙugiya buɗaɗɗiya. Da rani lafiya lau. Ashe kullum allon yana lilo, ƙugiyar tana cin zoben a hankali. Ruwan farko katakon ya sha ya kumbura, nauyi ya ƙaru. Ruwa na uku, wajen la'asar, ya tsinko ya faɗa kan Adaidaita Sahu da ya fake a ƙasa, ya fasa gilas. Allah ya kiyaye, yarinyar da ke ciki ba ta ji ciwo ba. Da na je na ɗauki zoben, ya sirance kamar zare, da yatsa biyu na karya shi. Mai shago ya ce shi bai san zance ba, ni na rataya. Ni na biya gilas, kuma cikon kuɗina dubu 8 har yau bai ba ni ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, makwabtansa uku da muka riga muka yi ciniki duk suka janye. Wata biyu ban bi ta layin nan ba.

Maman Khairat Firintin: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Malam.

Na Gwammaja: Amin Hajiya. Tun daga ranar ba na sa sarƙa. Ƙarfe biyu nake waldawa a tsaye, allo ba ya motsi.

Maman Khairat Firintin: Ɗan Fagge, ga lissafi. Fuska ɗaya ƙafa 6, biyu 12. Amma fallen alukobon ƙafa 4 a 8 ne, 32 ke nan, kuma ba kowa zai yanka maka ba. In ka yi kuɗi da ƙafa 12 kai ka biya sauran 20. Ni kaya nake tarawa, da mota, da mai hawa tsani, in ɗora kuɗin hannu. Satin da ya wuce na sayi falle dubu 48.

Abba Grafiks: Hajiya an tsuga miki. Dubu 35 nake ɗauka.

Maman Khairat Firintin: Mai wane kauri? Akwai wanda fatarsa kamar takardar sigari, da babban yatsa za ka lotsa shi.

Kaduna Sains: Mu nan ya haura 50. Tun da aka saki naira a 2023 ba na ba da farashin da ya wuce kwana 7, a jikin takardar nake rubutawa. A dubu 60 dai fleks ne kawai zai fitar da kai.

Baba Mai Buroshi: Yara kuna ta alukobon. Kwano da fentin mai muka yi aiki da su sama da shekara 30, akwai alluna na a Sabon Gari da har gobe ana karanta su. Fleks ɗinku rana biyu ta Kano ta cinye jan, ya saki kamar tsohuwar riga.

Abba Grafiks: Baba da girmanka, yanzu kwastoma hoto yake so da tambari. Wa zai jira kwana huɗu fenti ya bushe?

Baba Mai Buroshi: Wanda bai taɓa hawa tsani ba ai ba ya ba da shawarar rataya. Kai a gaban kwamfuta kake, ɗana.

Mai Walda Ƙofar Ruwa: Ku duka biyun in allo ya faɗo ni ake nema.

Auta: Ni dai Ɗan Fagge ka duba rubutu kafin a buga. An taɓa yi wa mai ɗori allo, salon rubutun ba shi da ƙ mai lanƙwasa, sai ga "Mai gyaran kashi" ɓaro-ɓaro a bakin titi 😂

Maman Khairat Firintin: Auta Allah ya shirye ka. Amma gaskiya ne, sai ka ga inji ya bar gurbi ko ya sa ɗan akwati. A tura wa mai aiki ta WhatsApp ya amsa da "na yarda" kafin a buga.

Na Gwammaja: Kuma ka karɓi kashi 70 kafin ka sayi ko ƙusa. In allo ya hau sama, kai ne mai bin bashi.

Kaduna Sains: Akwai abin da ba wanda ya faɗa: kuɗin izini. Na rataya wa wani allo, sati bai cika ba masu rasit suka zo suka kwance shi suka jefa a mota. Ya kira ni yana faɗa wai ni ban gaya masa ba.

Abba Grafiks: Ai tsarin mulkin 1999 ƙananan hukumomi ya ba wa kula da tallan waje. Sai jihohi suka shigo da nasu hukumomin, Legas tun 2006 take da LASAA, hukumarta ta alluna da tallan waje. Shi ya sa mai shago ke ganin rasit biyu a kan allo ɗaya.

Baba Mai Buroshi: Kuma in sun kwance ba a hankali suke yi ba. Na ga aikin hannuna a bayan mota, an ɗora masa janareta a kai.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai manya. Zan huda bango kamar yadda mai walda ya ce, ba sarƙa. To amma in alukobon ne, 60 ɗin za ta isa ko in ce 80?

Kaduna Sains: Ka fara tambayarsa wa zai biya izini. Akwai wanda ya san ko allo mai fuska biyu kuɗi biyu suke karɓa a Kano? Nan sun ce mana kowace fuska da nata.