Agwagin Tafki: Musayar Waƙa Kan Gubar Dalma ta Zamfara

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum. Makon nan ni ke da buɗe fage. Na ɗauko maganar gubar dalma da ta ci yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ƙwar biyu ce, amsa-amona "wa". Mai amsawa ya zaɓi nasa.

Bismillahi, da Shi nake farawa,
Sarkin da ke rayawa da kashewa.

A 2010, ƙasar Zamfara,
Aka yi rashin da ba ya mantuwa.

Zinare ya yi tsada a duniya,
Kowa ya saɓi diga yana tonawa.

Dutsen da aka kwaso daga rami,
Cikin gida aka kai shi don dakawa.

Injin da ke niƙa dawa da gero,
Shi aka bai wa dutse yana niƙawa.

Ƙura ta sauka kan tuwo da randa,
Ta hau tabarmar da ake kwantawa.

Yaro yana rarrafe tsakar gida,
Abin da ya dafa, baki yake kaiwa.

Yara sama da 400 suka tafi,
Dareta, 'Yargalma, ana ta binnewa.

To 'yan'uwa, wa za a ɗora wa laifi?
Na ajiye alƙalami, ina saurarawa.

Tsohon Mahaƙi:
Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo inda ka yi mani ciwo. Da harshen gida zan amsa maka, ka yi haƙuri da shi.

Malam, kana birni cikin inuwa,
Ba ka shiga rami ka ga duhu nai ba.

A Anka anka haihe ni, nan nig girma,
Ban zo da labarin da anka ba ni ba.

Hatsin da mu ka nomawa da damana,
Bai taɓa kai mu ga bazara ba.

Rana guda a rami, in ta yi kyawo,
Gona da wahala tata ba ta ba ka shi ba.

Tsoron ɓarayi yas sa munka kai shi gida,
Ba don mu kashe ɗiyanmu munka kai ba.

Dutsen yana walƙiya awa tozali,
Ba mu san da dahi ciki nai ba.

Agwagin tafki sunka ɓace tun fari,
Ba mu tambayi abin da yac ci su ba.

Jikata, shekara biyu, mai dariya,
Da dare ta sanƙare, ba ta kai asuba ba.

Ƙaddara ta, Malam, ka bar tone-tone,
Abin da Allah Yar rubuta ba a goge shi ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Innalillahi. Baba, Allah Ya sa mai ceto ce. Amma baitinka na ƙarshe ba zan bar shi ya wuce haka ba.

Baba, Allah Ya ba ka haƙurin rashi,
Ka saurari 'yarka, ga nawa bayani.

Mun yarda da ƙaddara, ba ma jayayya,
Ɗaure raƙumi kuwa, shi ma umarni.

Yaro ya zo da amai da ciwon ciki,
Sai jijjiga, ido ya daina gani.

Aka ce sanƙarau, aka ce na sauro ne,
Aka yi ta allura babu amfani.

Watan Maris likitocin ƙungiyar agaji ta MSF,
Suka ga mace-macen sun wuce tunani.

Da aka ɗiba aka aika wurin awo,
Dalma aka iske maƙil cikin jini.

Na'urar gwaji iyakarta 65,
Yara da yawa sun zarce ma'auni.

Akwai ƙwayar da ke kamo dalma,
Ta bi fitsari, wannan ne magani.

In ko ya koma ɗakin da ƙurar take,
Wahalar banza ce, ɗinkin tsohon zani.

Wasu sun tsira da rai, amma ƙwaƙwalwa,
Ta ɗau tabo, ta zauna da rauni.

Ɗalibin Kimiyya:
Baba, a ba ni izini in yi wa baitocinka biyu tahamisi. Sun tsaya mini a rai.

Baba, ka bar ni in taɓo asali,
Wancan dutse da kuka gani, a misali,
Danginsa ne iyaye ke daka wa kwalli,
*Dutsen yana walƙiya awa tozali,*
*Ba mu san da dahi ciki nai ba.*

Tsuntsu yakan riga mu gano haɗari,
Bakinsa kullum na cikin taɓo da gari,
Da ya faɗi, ya ba da labari da wuri,
*Agwagin tafki sunka ɓace tun fari,*
*Ba mu tambayi abin da yac ci su ba.*

Ga kuma lissafin da masu bincike suka fitar. Na yi ta kokawa da shi ya ƙi shiga waƙa, don haka ga shi a zube: a ƙauyuka biyu, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 suka rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Ma'aunin Amurka na lokacin ya ce kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a ƙasar da yara ke wasa. A wasu wurare can an auna sama da 100,000.

Malamin Firamare:
Ɗalibi, gara da ka bar lissafin a zube, da ya karya maka kari. Tahamisin ya yi, sai dai layinka na uku a baitin farko yana ɗingishi kaɗan. Baba, na karɓi gyara, ban shiga rami ba. Amma talaka na iya cewa bai sani ba. Wanda aka kai wa rahoto har ofis fa?

Baba bai sani ba, mun ji uzurinsa,
Ina uzurin wanda aka kai wa ƙara?

Maganin ƙasa ai ba ɓoyayye ba ne,
A kankare ta sama, a kwashe shara.

A kai ta rami a binne can nesa,
A zubo sabuwa, gida ya gyara.

Ƙauyuka bakwai aka yi wa hakan,
Bagega aka ce ta zauna ta jira.

'Yarmu ta ce ba magani sai an share,
To kun ga wa aka bari? Yara.

Aka yi taro, aka yi alkawarin kuɗi,
Takarda na yawo, ana ƙirga shekara.

Sai 2013 kuɗin suka fito,
Sannan aka ɗau shebur aka fara.

Damina nawa ta wanke wannan guba,
Ta kai ta tafki, iska ta ɗau ƙura?

Direban Tifa:
Ni ba mawaƙi ba ne, Malam, hanyar Kagara nake bi da lodin yashi. Ku karɓi ɗan abin da ya samu.

Kuna ta Zamfara kamar an rufe babi,
A Neja abin ya sake dawowa kuma.

2015, ƙaramar hukumar Rafi,
Shikira ta kwana tana ta fama.

Yara 28 aka ce sun rasu,
Dutse, turmi, ƙura, dalma.

Shekara biyar tsakani, jiha da jiha,
Labarin bai iso ba, ko an ji an yi ƙyuya? Oho ma.

Ma'aikaciyar Jinya:
Yaya Direba, "oho ma" ɗin nan da ƙarfi ka cusa ta don amsa-amo, amma mun yafe. Ga baiti ɗaya a kan naka:

Gargaɗi in ya tsaya a takardar birni,
Ba ya isa kunnen mai daka da mai noma.

Tsohon Mahaƙi:
Ɗiyata, maganar raƙumi ta shige ni, na kwana da ita. Ɗalibi, Allah Shi yi maka albarka, ka yi wa baitina riga. Ga abin da ya rage mani.

Ranar da anka zo kankare gidana,
Na tsaya bakin zaure ban ce komi ba.

Har inda yarinyar ka zama da ɗan gwangwani,
Sunka kwashe, ba su bar ko tahi guda ba.

Sarakuna sunka ce a fid da injin gari,
Wanga karo ba mu yi gardama ba.

Yanzu da ruwa a ka niƙa, can daji,
Ba a shiga gida da rigar aiki ba.

Haka doka tac ce. Amma ɗan maƙwabci,
Jiya na ga buhu, ban san mi a ciki ba.

Na yi sallama, na ce ya buɗe in gani,
Yac ce gero na, bai ko dube ni ba.

Na sayi agwagi shidda na sa a gida,
Tsohuwa tana ta hwaɗa, ba ta gane ba.

Kullum da sahe ni ka ƙirga su da sanda,
Yau ma shidda na, ba a rasa ko guda ba.