Inna ta karye a ƙugu: ƙusa ko faranti?

Maman Walida: Salamu alaikum. Innarmu, shekara 78, ta zame a makewayi jiya, ƙashin cinya ya karye ta wajen ƙugu, ƙasa da wuyan ƙashin, gida uku. Likita ya ce a sa ƙusa cikin ɓargo. Kawu ya ce faranti ya fi araha. Wanne za mu bi?

Malam Idi Samaru: Allah ya ba ta lafiya. Faranti da sukuru, DHS, na karayar da ta tsaya gida biyu ne. Gida uku ƙashi ba ya tokare da juna, nauyi sai ya hau faranti. Ƙusa ta fi, ko samfurin Gamma ko na PFNA. Ta PFNA tana da wuƙa mai murɗe da ke danne ƙashi maimakon ƙwaƙule shi, abin da ya dace da ƙashin tsufa.

Na Tudun Wada: Ku kai ta wurin mai ɗori kawai.

Malam Idi Samaru: Ƙugu ba gwiwar hannu ba ne. Kwanciyar watanni ce ke kashe tsoho: gyambon baya, ciwon huhu, daskarewar jini a ƙafa. A yi tiyatar cikin kwana 2.

Baba Ɗanladi: Kuna ta sunan ƙarfe. Abin da ke ɓata aiki shi ne inda sukuru ya zauna. In bai shiga tsakiyar kan ƙashi ba, jimillar tazarar bakinsa zuwa ƙarshen kan ƙashin a hotunan X-ray biyu ta wuce milimita 25, yana iya yankowa ya fito. Tsohuwa ta koma tiyata, kuɗi biyu, azaba biyu. Ki tambaya ko injin hoton ɗakin tiyatar yana aiki.

Hajiya Lami: Ƙusa ninkin faranti ce a kuɗi.

Na Tudun Wada: A Sabon Gari kusan ɗaya suke.

Baba Ɗanladi: Ƙusar kafinta ka tambayo ke nan.

Maman Walida: To doguwa ko gajera?

Malam Idi Samaru: Gajera ta isa, jini kaɗan take ci. Doguwa sai in tsagewar ta gangara ƙasa.

Hajiya Lami: Maganar jini kuma, ki tara 'yan uwa tun yau. Sai an shirya ta a ce kawo leda biyu, dangi duk su watse. Haka gashin ƙashi, a sallami mutum ba wanda ya nuna masa yadda zai taka.